Yadda za ka sayi tayar mota mai kyau da kuɗi kaɗan

Duk wanda ya taɓa shiga shagon taya da kuɗi ƙidayayyu a aljihu ya san irin ruɗun da ake shiga. Ga tayoyi nan jibge har rufin shago, duk baƙaƙe, duk suna sheƙi, amma kuɗin wata ya ninka na wata sau uku. Mai shago ya ɗago ɗaya ya ce, "Alhaji, wannan ka ɗaura ka manta." Yaronsa ya mirgino wata daga bayan shago, ya ce gwanjo ce amma ko wata shida ba ta yi a kan titi ba. Kai kuma ba ka da abin da za ka auna maganarsu da shi sai nauyin aljihunka.

Alhali kusan duk abin da kake bukatar sani a rubuce yake a gefen tayar: girmanta, nauyin da za ta iya ɗauka, gudun da aka yi ta dominsa, juriyarta ga zafi, har makon da aka ƙera ta. Wanda ya iya karanta wannan rubutu zai rage kuɗi a inda ragewa ba ta da illa, wato wajen sunan kamfani, ya kuma ƙi ragewa a inda rai yake. Motar da ta haura tan ɗaya, abin da ke haɗa ta da kwalta wuri huɗu ne kacal, kowanne kamar faɗin tafin hannu. Birki da sitiyari da ƙarfin inji duk ta nan suke isa ƙasa. Mutane da yawa ba su manta da ranar 6 ga Maris 2016 ba, ranar da taya ta fashe wa motar ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya rasu tare da matarsa da ɗansa. Irin wannan na faruwa da talakawa a hanyoyinmu ba tare da an ji a rediyo ba.

Mataki na farko: duba abin da ke ƙafar motarka

Kafin ka nufi kasuwa, ajiye motar a fili da rana, ka karya sitiyari har ƙarshe domin tayoyin gaba su fito sosai, ka durƙusa ka duba su ɗaya bayan ɗaya.

A cikin manyan kwarin zanen taya akwai wasu ƙananan gadoji na roba da suka gitta. Tsayinsu milimita 1.6 ne, kuma wannan shi ne mafi ƙarancin zurfin zane da dokar Turai ta yarda da shi. Idan saman tayar ya cinye har ya daidaita da waɗannan gadoji, ta gama aiki. Sabuwar taya zanenta yakan kai wajen milimita 8. Idan kana son sanin inda taka take, zura tsinken ashana a cikin kwarin, ka kama da farce daidai saman tayar, ka auna a jikin rula. Ni dai idan damina na gabatowa kuma na ga milimita 3, na fara tara kuɗi, domin aikin kwarin nan shi ne kore ruwa daga ƙarƙashin taya, kuma idan ya yi ƙasa motar takan hau saman ruwa ta daina jin sitiyari.

Sai ka shafa gefenta. Ƙulu ko kumburi a gefen taya yana nufin zaren da ke ciki ya tsinke, yawanci bayan an faɗa rami da gudu. Wannan ba ya gyaruwa, kuma babu mai facin da zai iya yi masa komai. Haka tsattsagewar roba irin ta faso a gefe ko a cikin kwarin zane, alamar tsufa ce.

Ka lura kuma da yadda ta cinye. Idan tsakiya ya fi cinyewa, iska ake cika mata fiye da ƙima. Idan gefe biyu ne, iskar ba ta isarta. Idan gefe ɗaya ne kawai, saitin ƙafar motar ya goce, ko wani abu ya saki a ƙasa. Wannan na ƙarshe ka gyara shi kafin ka sayi sabuwa, in ba haka ba sabuwar ma haka za ta cinye cikin 'yan watanni.

Mataki na biyu: lambar da motarka ke bukata

Kada ka kwafi lambar daga tayar da ke jikin motar, domin wataƙila wanda ya riƙe ta kafin kai ya ɗaura abin da ya samu ne. Buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai. Akwai takarda manne da ke nuna girman taya da yawan iskar da kamfanin motar ya tsara. A wasu motocin Turai tana cikin murfin tankin mai. Ɗauke ta hoto da waya.

A ce ka ga 195/65 R15 91H, wanda shi ne a jikin Corolla da yawa. Lamba 195 faɗin tayar ne a milimita. Lamba 65 tsayin gefenta ne, wato kashi 65 cikin ɗari na faɗin. Harafin R yana nuna irin saƙar da ke cikinta, kuma kusan duk tayoyin ƙananan motoci yanzu haka suke. Lamba 15 girman wili ne a inci. Camry ta 2007 zuwa 2011 mafi yawa 215/60 R16 take sawa.

Abin da mutane suka fi tsallakewa shi ne na ƙarshen, 91H, kuma a nan masu shago ke shigar da abin da bai dace ba. Lamba 91 tana nufin kowace taya za ta ɗauki kilo 615. Lamba 88 kilo 560 ce, 94 kilo 670, 95 kilo 690, 100 kilo 800. Harafin kuma iyakar gudu ne: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210, V 240. Wani zai ce ai shi ba ya wuce 120. Gaskiya ne, amma tayar da aka gina don babban gudu an gina ta ne ta jure zafin da gudun ke haifarwa, kuma zafi shi ne babban abokin gabar taya a ƙasarmu. Ƙa'idar mai sauƙi ce: za ka iya hawa sama da abin da takardar ta ce, kada ka sauka ƙasa.

Idan motarka ta lodi ce, kamar Sharon ko Sienna da ke jigila tsakanin garuruwa, nemi wadda aka rubuta wa XL, domin an ƙarfafa ta ta ɗauki ƙarin nauyi. Bas irin Hiace kuwa tayarta ita ce mai harafin C a ƙarshen lamba, kamar 195 R15C. Ɗaura wa bas tayar ƙaramar mota don ta fi araha ganganci ne da rayukan fasinjoji.

Akwai masu ƙara girman taya don motar ta ɗaga saboda ramuka. Daga 195/65 zuwa 205/65 a wili ɗaya, tsayin tayar gaba ɗaya yana ƙaruwa da milimita 13, kimanin kashi 2 cikin ɗari, kuma motoci da yawa suna ɗaukar haka. Idan aka wuce kashi 3, agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gudun da kake yi, tayar kuma tana iya gogar jikin mota idan an yi lodi. Mai neman sauƙin kuɗi ya tsaya a kan girman asali. Sau da yawa ma shi ne ya fi yawa a kasuwa, shi ya fi araha.

Mataki na uku: tayar kowane yanayi, da tarkon tayar hunturu

Motocin da ake shigo da su daga Amurka da Kanada mafi yawansu suna zuwa da taya mai rubutun ALL SEASON ko M+S a gefe. Ma'anarsa taya ce da aka yi ta yi aiki a duk yanayin shekara na can: zafi, ruwan sama, da 'yar dusar ƙanƙara marar yawa. Haruffan M da S na nufin laka da dusar ƙanƙara. A ƙasashen sanyi taya kala uku ce: ta bazara, ta hunturu, da wannan ta tsakiya wadda ke hutar da mutum daga canza taya sau biyu a shekara.

A nan ba mu da dusar ƙanƙara. Muna da watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, kwalta kuma ta fi haka zafi nesa ba kusa ba. Muna da ruwan Agusta da ke kwanciya a kan titi. Saboda haka tayar kowane yanayi tana yi mana aiki lafiya, tana kuma daɗewa, amma kada ka biya ƙarin ko sisi saboda wannan rubutu. Tayar bazara ta yau da kullum, wadda ba ta da M+S, ta dace da mu sarai, kuma sau da yawa ta fi kama busasshen titi da jiƙaƙƙe.

Wadda za ka guje wa ita ce ta hunturu. An haɗa robarta ne ta yi laushi a sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7. Idan ta hau kwaltarmu sai ta ƙara laushi, ta riƙa cinyewa da sauri, birki ya ƙara nisa kafin mota ta tsaya. Abin takaicin shi ne ita ce ta fi kyan gani a cikin tarin gwanjo. Dalili kuwa, a Turai ana cire ta tun zanenta da saura. A Ostiriya, alal misali, doka ba ta ɗaukar taya a matsayin ta hunturu idan zanenta ya gaza milimita 4. Sai mai ita ya yar, ta biyo kwantena, ta iso nan da haƙora zaƙo-zaƙo, mai saye ya ga kamar ya yi tsintuwa.

Ga yadda za ka gane ta. Akwai hoton dutse mai kawuna uku da tauraron ƙanƙara a cikinsa. Saman zanenta cike yake da ƙananan tsagogi masu lanƙwasa, sirara kamar an yi su da reza. Sunanta ma yakan tona ta: duk inda ka ga Winter, Snow, Ice, Alpin, Blizzak ko UltraGrip, ajiye ta. Wasu tayoyin kowane yanayi na zamani su ma suna ɗauke da hoton dutsen, don haka ka haɗa da suna da yanayin zanen kafin ka yanke hukunci.

Sai wasu kalmomi uku da hukumomin Amurka suka wajabta a rubuta a tayoyin ƙananan motoci da ake sayarwa can, waɗanda za ka samu a mafi yawan tayoyin da ke kasuwarmu. TEMPERATURE juriyar zafi ce, A ko B ko C. A ita ce gaba. Ni ba na sayen C, kuma ga mai doguwar tafiya A nake ba da shawara. TRACTION kama jiƙaƙƙen titi ne lokacin birki: AA, A, B, C. Kada ka sauka ƙasa da A. TREADWEAR lamba ce da ke nuna daɗewar zane, mai 400 ya kamata ta fi mai 200 daɗewa. Sai dai kowane kamfani shi ke gwada tasa, don haka lambar ta fi amfani idan kana kwatanta tayoyi biyu na kamfani ɗaya. Wasu sabbin tayoyi kuma suna zuwa da takardar Tarayyar Turai manne a kansu, mai nuna shan mai da kama ruwa da ƙara. Idan ka same ta, harafin kama ruwa za ka fara dubawa.

Mataki na huɗu: ranar haihuwar taya

Nemi inda aka rubuta DOT. Bayan wasu haruffa za ka ga lambobi huɗu a ƙarshe, yawanci a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 3523 na nufin mako na 35 a shekarar 2023. Sau da yawa gefe ɗaya kawai ake buga cikakkiyar lambar, don haka idan ba ka gani ba juya tayar. Idan lambobi uku ne, an yi ta kafin shekarar 2000.

Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, kuma zafi da rana suna gaggauta tsufan. Kamfanin Michelin yana cewa a riƙa duba taya duk shekara idan ta yi shekara biyar a kan mota, a kuma cire ta idan ta kai goma ko da zanenta na nan. Wasu kamfanonin mota shekara shida suke cewa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta fi kowa tsanantawa, domin shekara huɗu take faɗa wa direbobi, kuma jami'anta kan duba wannan lamba a hanya. Abin da wannan ke nufi ga mai saye shi ne, "sabuwar" tayar da ta yi shekara uku a sito ta riga ta ci wani ɓangare na rayuwarta. Nemi wadda ba ta wuce shekara ɗaya ba. Idan ta kai biyu kuma an adana ta a inuwa, za ka iya saye, amma ka nuna wa mai shago lambar ka nemi ragi.

Shafa lambar da yatsa. Idan ka ji wurin an kankare, ko ya fi sauran jiki santsi, ko lambobin ba su yi kama da sauran rubutun ba, ka bar ta.

Mataki na biyar: sabuwa ko gwanjo

A nan ne kuɗi ke magana, kuma ba na ganin laifin wanda ya karkata ga gwanjo. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ita ma ta daina ƙera taya a Legas a 2008, tayoyin motocinmu daga waje suke zuwa, kuma farashinsu na bin dala. Duk da haka a yi lissafi.

Sabuwar taya mai zane milimita 8, abin da za ka ci a cikinsa kafin ta kai 1.6 shi ne milimita 6.4. Gwanjo mai milimita 4, wadda a ido tana da kyau, saura 2.4 kawai, wato bai kai kashi 40 cikin ɗari na abin da sabuwa za ta ba ka ba. Idan ka biya rabin kuɗin sabuwa, ka biya rabi ka karɓi abin da bai kai rabi ba, sannan za ka sake biyan kuɗin ɗaurawa da balansin da wuri. Wannan lissafin zane ne kawai. Bai haɗa da abin da ba ka gani ba: ko an taɓa tafiya da ita ba iska har zaren ciki ya ƙone, ko daga motar da ta yi haɗari aka ciro ta, ko an cusa ta cikin wata tayar an matse a kwantena har wayar bakinta ta lanƙwashe. Tayoyin ƙananan motoci da aka yi amfani da su suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigo da su Najeriya, saboda haka babu wanda ya tantance su a kan iyaka. Akwai kuma masu ɗaukar tayar da ta suɗe su sake yanka mata zane da wuƙa mai zafi, su shafe ta da baƙin mai. Irin wannan, tsakanin wayar ƙarfen da ke cikin tayar da kwalta ba abin da ya rage sai ɗan siririn roba.

Ra'ayina a fili yake: sabuwar taya ta matsakaicin kamfani ta fi gwanjon babban kamfani. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Idan kuwa ba yadda za ka yi, to ka saya da ido buɗe. Kada ka yarda a sayar maka da ita a kan wili. A cire, ka haska cikinta da fitilar waya. Idan ka ga garin baƙin roba a ciki, ko wani zobe da ya murje a kewayen gefe, an yi tafiya da ita ba iska. Ƙirga facin da ke ciki, kuma ko ɗaya ne a gefe ko a kafaɗa, ka bar ta. Duba bakinta da ke zama a kan wili, kada ya kasance a yage. Kalli ƙasan kwarin zanen: idan babu ƙananan gadojin nan, ko layin ya karkace kamar aikin hannu, yanka aka yi. Kada ta wuce shekara huɗu. Sannan ka riƙe ta a matsayin tayar cikin gari, ba ta hanyar Kano zuwa Abuja da iyali ba.

Mataki na shida: wane kamfani

A sama akwai Michelin, Bridgestone, Continental, Goodyear da Pirelli. Suna da kyau, amma wani ɓangare na kuɗin suna kake biya. A tsakiya akwai irin su Hankook, Kumho da Nexen na Koriya ta Kudu, da Maxxis ta Taiwan, da GT Radial. Sai na Sin, waɗanda suka cika kasuwa, kuma ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Westlake, Sailun, Linglong da Triangle manyan masana'antu ne da ke sayarwa a ƙasashe da dama. Akwai kuma sunayen da za ka gani yau, shekara mai zuwa ba ka ƙara jin su.

Mai kuɗi kaɗan ya nemi ta tsakiya idan hali ya yi, ko ta sanannen kamfanin Sin. Kafin ka biya, rubuta sunan a waya ka ga ko kamfanin yana da shafinsa da adireshinsa, da kuma ainihin wannan samfurin. Hanya mafi inganci kuma ita ce ka je tasha ka tambayi direbobin haya masu irin motarka abin da suke ɗaurawa da kuma wata nawa yake yi musu. Su ne suke cinye taya a idonsu, kuma ba su da abin sayar maka. Idan ka ga babban suna da farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran shaguna, akwai dalili: ko ta tsufa, ko jabu ce.

Mataki na bakwai: biyu ko huɗu

Huɗu iri ɗaya shi ne mafi kyau. Idan kuɗin bai kai ba, sayi biyu iri ɗaya, girma ɗaya, zane ɗaya, su zauna a layi ɗaya. Gara biyu masu kyau yau da wasu biyun bayan wata uku, da huɗu marasa kyau a rana ɗaya.

Sabbin biyun a baya ake ɗaura su. Na san wannan ya saɓa wa abin da mafi yawan masu faci za su gaya maka, domin su a ganinsu gaba ce ke ja, ita ke juyawa. Amma manyan kamfanonin taya sun yi ittifaƙi a kan baya, ko da motar da gaba take ja. Idan tayar gaba ta zame a ruwa, za ka ji a sitiyari, ka ɗaga ƙafa daga totur, motar ta dawo. Idan ta baya ce ta zame, bayan motar ne zai juyo, kuma direba kaɗan ne ke iya kamo ta. Sai a mayar da tsofaffin da suka fi dama gaba. Idan kuwa tsofaffin ba su da damar da za su zauna a gaba, to huɗu kake bukata.

Motocin da ke ja da ƙafa huɗu, irin su Subaru da wasu RAV4 da CR-V, ba sa son bambancin zane mai yawa tsakanin gaba da baya, domin yana wahalar da giyar da ke raba ƙarfi. Duba littafin motar kafin ka sayi biyu.

Mataki na takwas: a shago

Zaga shago uku ka ji farashin taya ɗaya tak, da cikakkiyar lambarta. Tambayi ko kuɗin ya haɗa da ɗaurawa da balansin da sabon bawul. Ka duba tayoyin da za a ɗaura maka da kanka, kowace ɗaya, ba wadda aka nuna maka a bakin ƙofa ba. Na taɓa cin karo da wannan: aka nuna mini ta bana, da aka fito da sauran daga ciki sai na ga biyu sun girme ta da shekara biyu. Karɓi rasit da aka rubuta suna da girma da lambar mako da shekara, ku kuma yi magana a kan abin da zai faru idan ta yi ƙulu cikin makonnin farko ba tare da ka faɗa rami ba.

Mataki na tara: wajen ɗaurawa

Kada ka bar wurin ka tafi shan shayi. Taya mai kyau tana lalacewa a hannun mai ɗaurawa.

Idan akwai wurin da ke da injin cire taya, je can. Guduma da ƙarfe suna raunata bakin taya marar tif, daga nan ta fara sace iska. A sa sabon bawul, kuɗinsa kaɗan ne, kuma tsohon ya sha rana daidai da tsohuwar tayar. Idan an rubuta OUTSIDE a gefe ɗaya, wannan gefen ne zai kalli waje. Idan akwai kibiya da kalmar ROTATION, kibiyar za ta nuna inda tayar ke juyawa idan mota na tafiya gaba.

A yi balansin a kan inji, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa da ka kama gudu. A yi alaimen, wato saitin ƙafar motar, musamman idan tsofaffin sun cinye ta gefe ɗaya. Kuɗin waɗannan biyun ka ware shi tun farko a cikin kasafinka, domin shi ke kare kuɗin tayar. Notuna a fara ɗaura su da hannu, sannan a matse su a gicciye, wannan sai na gabansa, ba a bi su a jere ba. Kada a hau kan sifana da ƙafa ana tsalle. Bayan ka yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100, ka sa a sake taɓa su.

Iska

Mafi yawan ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 suke so a geji, a ma'aunin PSI, kuma ainihin adadin yana kan takardar nan ta ginshiƙin ƙofa. Lambar da ke gefen taya, 44 ko 51, iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka ke bukata ba. Masu faci da yawa 40 ko 45 suke bugawa kowa, wasu ma da yatsa ko da bugun ƙarfe suke aunawa. Sayi gejinka ka ajiye a mota, bai kai kuɗin lita kaɗan na mai ba.

Auna da safe kafin mota ta yi tafiya, sau biyu a wata, da kuma kafin duk doguwar hanya. Idan ka tsaya a tsakiyar tafiya ka ga iskar ta hau, kada ka rage. Zafi ne ya ɗaga ta, kuma an yi tayar da sanin haka. Ƙarancin iska ya fi haɗari, domin gefen tayar yana ta lanƙwashewa yana miƙewa, zafi na taruwa a ciki har roba ta rabu da waya. Idan aka haɗa ƙarancin iska da lodi da gudu da ranar Afrilu, an haɗa duk abin da ke fasa taya.

Duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 a sauya musu wuri don su cinye daidai. Idan ƙusa ta shiga saman zane kuma ramin bai fi milimita 6 ba, a cire tayar a yi facin ta ciki. Igiyar da ake cusawa ta waje ta kai ka gida ce kawai.

A cikin tsofaffin da aka cire, zaɓi wadda ta fi lafiya, marar ƙulu, ka mayar da ita safaya idan wurin ajiyar zai ɗauke ta. Idan kuwa safayarka 'yar siririyar nan ce da ke zuwa da motocin waje, iskarta 60 ce, kuma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita. Ita ma tana da lambar shekara a gefenta, kuma a motoci da yawa tun daga masana'anta ba a taɓa fito da ita daga but ba. Ɗaga kafet ɗin ka duba ta, ka tabbatar jak da sifana suna nan.